Wa Ya Kori Kalangu Daga Gidan Biki?

Duk wanda ya halarci biki a Kazaure a 'yan shekarun nan ya san yadda abin ke kasancewa. Za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a tada janareta, dije ya soka filashi a kwamfutarsa ya saki sipika. A can gefe kuma dattawa na zaune suna girgiza kai, suna cewa waƙar Hausa ta mutu, yara sun gauraya ta da kiɗan Indiya da na Turawa sun lalata. A wani biki da muka je bayan Babbar Sallah, muna cikin jin irin wannan ƙorafi sai ga wani tsohon makaɗi a bakin ƙofa da kalangunsa a hammata. Ba wanda ya gayyace shi. Ya yi kiɗa na 'yan mintoci, sipika ta danne shi, wani ya miƙa masa ɗari biyu don ya matsa, ya matsa. A cikin dattawan da ke kukan mutuwar waƙar gargajiya babu ko ɗaya da ya sa hannu a aljihu, babu kuma wanda ya ce wa dije ya rage sauti.

Tun daga ranar muka daina yarda da wannan kuka. Muna ganin masu cewa gauraya ce ta kashe kiɗan Hausa sun kama ɓarawon da bai yi sata ba, kuma muddin aka ci gaba da tuhumar gauraya, mai laifin na ainihi zai ci gaba da yawonsa a cikinmu.

Mu fara da tarihi, domin masu kishin tsarkin waƙa sukan yi magana kamar akwai wani zamani da kiɗanmu bai taɓa cuɗanya da na kowa ba. Kakakin da ake busa wa sarki a hawan Sallah, wanda yau ba abin da ya kai shi zama alamar sarautar Hausa, Tarihin Kano ya lissafa shi cikin sababbin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su a mulkinsa, tsakanin 1463 da 1499. Wato akwai ranar da kakaki ya kasance baƙo a fada. Algaita kuwa sunanta ma ya tona asirinta, daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo. Rubutattun waƙoƙinmu tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u a kan karin Larabci aka gina da yawa daga cikinsu. Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya, wadda makafi da almajirai suka yaɗa a ko'ina, masana sun nuna cewa daga kiɗan caji aka ɗauko karinta, aka ɗora mata wa'azi.

Mu zo kan waɗanda ake kafa mana hujja da su kullum. Kalangu kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali. Fada tana da nata kayan: kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, taushi irin na Jankiɗi. Alhaji Mamman Shata ya ɗauki gangar mahauta ya yi wa sarakuna da attajirai da sojoji da direbobi waƙa da ita, har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A ma'aunin masu raba kowane kiɗa da gidansa, wannan ƙetare iyaka ne. Kuma shi kansa Shata ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba. Ɗanmaraya Jos da gwangwanin kifi ake haɗa kuntiginsa, gwangwanin da masana'antar Turawa ta ƙera. Abdu Yaron Goge ya ɗora karin finafinan Indiya a kan goge tun kafin a haifi mafi yawan mawaƙan situdiyo na yau. A Kano an yi ƙungiyar Ushaƙu Indiya, masu begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da karin waƙoƙin Indiya. To a wace shekara ce waƙar Hausa take zaune ita kaɗai ba ta taɓa aro ba? Wanda ya san shekarar ya faɗa mana.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. A kudancin Sifaniya, yankin Andalus da muke karantawa a littattafan tarihin Musulunci, akwai waƙar gargajiya da ake kira filamenko. Mawaƙi ɗaya ne da mai jita da masu tafi, kuma al'ummar Gitano, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon ƙasƙanci kamar yadda muke yi wa maroƙa, su ne suka fi riƙe ta. A 1922 mawaƙin kiɗa Manuel de Falla da marubuci Federico García Lorca suka shirya gasa a birnin Giranada don ceto tsohuwar waƙar, saboda a ganinsu 'yan kasuwa sun gurɓata ta. Cikin waɗanda suka ci kyauta akwai wani yaro, Manolo Caracol. Da ya girma sai ya riƙa waƙa da fiyano da taron makaɗa, masu kishin tsarki suka yi masa ca. Yaron da aka zaɓa don ya tsare ƙofa shi ne ya buɗe ta.

Haka abin ya ci gaba. A ƙarshen shekarun 1970 babban mai jita Paco de Lucía ya je Peru ya ga wani akwatin katako da ake zama a kai ana bugawa, kayan kiɗan da jikokin bayin Afirka suka ƙirƙiro a can. Ya taho da shi gida ya sa a ƙungiyarsa. Yau da wuya ka ga taron filamenko babu wannan akwati, har yaran ƙasar da dama na zaton tun asali nasu ne. A 1979 Camarón de la Isla, wanda Gitano ke ji da shi kamar yadda muke ji da Shata, ya fitar da faifan La Leyenda del Tiempo da jitar lantarki da gangunan Turawa da wani kayan kiɗan Indiya. Wasu masoyansa suka mayar da faifan kanti suna cewa wannan ba Camarón ba ne. Faifan bai yi kasuwa ba a lokacin, amma yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi a fannin. A 1988 ƙungiyar Ketama ta yi faifai da Toumani Diabaté na Mali, mai kiɗan kora. A 1996 Enrique Morente ya haɗa kai da wata ƙungiyar kiɗan lantarki ta Giranada suka yi faifan Omega, aka sake tada jijiyar wuya. Duk da wannan gaurayar filamenko bai mutu ba. A 2010 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, kuma har gobe akwai yara masu koyon tsohon salon daga tushe.

Da za mu tsaya a nan da mawaƙanmu na zamani sun tafa mana. Kada su yi saurin tafi, domin akwai kashi na biyu, kuma su ya shafa.

Duk waɗanda muka lissafa sun san abin da suke gaurayawa. Camarón tun yana yaro yake waƙa a gaban tsofaffin gari, ya iya tsofaffin salo kafin ya taɓa lantarki. Morente, kusan shekara ashirin kafin Omega, ya yi faifai sukutum na girmama tsohon gwani Antonio Chacón a kan tsantsar salon da. Ko Rosalía, wadda faifanta na 2018 ya gauraya filamenko da kiɗan matasa har ya zagaye duniya, sai da ta yi shekaru tana karatun waƙar a babbar makarantar kiɗa ta Barcelona. Sun shigo da baƙi cikin gida, amma ba su rushe gidan ba: ƙidayar bugu goma sha biyu da ke riƙe da manyan salon filamenko tana nan a ƙarƙashin jitar lantarkin.

Abin da ya faru a situdiyoyinmu daban ne. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya zama shi ne makaɗi. Daga baya kwamfuta ta karɓe shi da manhajoji irin su FL Studio. Ba a ajiye kalangu kusa da fiyano don su yi magana da juna ba. An sallami mai kalangu ne, aka nemo wani maɓalli da sautinsa ya ɗan yi kama da ganga aka ce ya wakilce shi. Wannan sunansa musanya, kuma mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da ake asara a irin wannan musanyar.

Ga yadda abin yake. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa tana hawa, tana sauka, tana faɗuwa, kuma ma'ana tana canzawa da hakan. Kalangu yana iya magana ne saboda makaɗi yana matse tsarkiya da hammata yana sassautawa, fata ta ɗame ko ta saki, sauti ya zame daga sama zuwa ƙasa a cikin bugu guda. Da haka ake kiɗa taken mutum har ya ji sunansa daga bayan gari ya taso. Fiyano kuwa an raba masa sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin kiɗan Turai. Abin da ke tsakanin gida da gida ba ya cikin maɓallan, alhali a nan tsakanin kalangu da goge da kukuma suke rayuwa. Gangar da ke cikin manhaja bugu ɗaya ne da wani ya ɗauka a wata ƙasa, ake maimaita shi. Ba ta san taken kowa ba.

Na biyu, manhajar tana shimfiɗa lokaci kamar gurabun dara, duk bugun da ya ɗan riga ko ya ɗan makara sai ta janyo shi ta zaunar a gurbi mafi kusa. Amma daɗin kiɗan Shata yana cikin wannan ɗan jan da sakin, yadda babban kalangu ke jira, ɗan karɓi ya cike, kuntuku ya riƙe tafiya, 'yan amshi su shigo daidai inda numfashin ubangidansu ya ƙare. Na uku, Auto-Tune yana yi wa murya abin da aka yi wa ganga, yana tura ta gida mafi kusa cikin goma sha biyun nan. Shi ya sa za ka ji waƙa goma a kebura tsakanin Kanti da tasha ka kasa bambance muryar wannan da ta wancan, alhali ko yaro ba ya rikita Haruna Uji na Haɗeja da Ɗan Anace.

Wanda ya rubuta manhajar bai yi mana mugunta ba. Ya gina ta ne don kiɗan garinsu, ya ajiye zaɓin farko yadda ya dace da kunnensa. A sana'armu mun san cewa mafi yawan mutane ba sa taɓa zaɓin farko, yadda suka tarar haka suke amfani. Ana iya kashe gurabun, ana iya rage gyaran murya, ana iya sa makirfo a gaban mai kalangu na gaske. Ba a cika yi ba, saboda ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar lokaci, saboda kuma da yawa daga masu haɗa kiɗan ba su taɓa zama kusa da makaɗi sun ga yadda hannunsa ke aiki ba.

Za a ce muna yi wa matasa rashin adalci, kuma akwai gaskiya a ciki. Aminu Ala ya nuna cewa ana iya ɗaukar nauyin rubutacciyar waƙa a kai ta situdiyo ba ta zube ba. Naziru Sarkin Waƙa ya dawo da salon waƙar fada cikin kunnen matasan da ba su san Ɗanƙwairo ba. Ado Gwanja, ko mutum na son kalmominsa ko ba ya so, a fili yake cewa daga rijiyar kiɗan ƙwarya na mata yake ɗiba, rijiyar da Barmani Coge ta yi wa hidima har rasuwarta a 2013. Masu gambarar zamani kamar su Classiq da DJ AB suna wasa da harshe yadda 'yan gambara da 'yan kama na kasuwa za su gane ɗan'uwansu. Basira ba ta ƙare ba. Amma a saurari yawancin waɗannan ayyuka da kyau: murya da kalma na Hausa ne, kiɗan da ke ƙarƙashi kuwa sau da yawa na kwamfuta ne. Rabin gadon aka ɗauko.

Akwai misali daga maƙwabta da ya kamata ya sa mu tunani. Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar situdiyoyinmu, kuma waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a Sahel. Daga baya ya koma ya kafa ƙungiya ta mutane masu rai, jitar lantarki a kan bugun gargajiyar Buzaye, yau yana zagaya Turai da Amurka. Ya zo wurinmu ya ari zamani, ya koma gida ya haɗa da nasa. Mu da muka ba shi aron, wane makaɗin kalangu ko kukuma muka fitar wa duniya tun bayan rasuwar Shata a 1999 da Ɗanmaraya a 2015?

A nan ne za mu koma kan dattawan rumfar biki, da mu kanmu. Me ya sa yaron da ke haɗa kiɗa bai taɓa zama da makaɗi ba? Saboda mun koya masa tun yana ƙarami cewa makaɗi maroƙi ne. Muna sauraron Shata a mota daga Kazaure har Daura inda kabarinsa yake, muna kiransa Dakta, amma idan ɗan makaɗin unguwarmu ya zo neman auren 'yarmu sai a fara binciken asali. Ɗan makaɗi ya ga yadda ake miƙa wa ubansa ɗari biyu a bakin ƙofa, ya ga mai fiyano ana kiransa furodusa ana ba shi kujera. Wane mai hankali ne zai gaji kalangu? Sai ya sayi babur ya shiga acaɓa, ko ya koyi ɗinki, kuma ba mai ganin laifinsa. A Roni da Gwiwa da ƙauyukan Babura har yanzu akwai tsofaffi masu kiɗan noma da na dambe da na farauta. A tambaye su yara nawa ke koyo a hannunsu.

Ko masananmu rabin aikin suka samu yi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi hidimar da ba za a iya biya ba wajen tattara tarihin makaɗa da rubuta matanin waƙoƙinsu. Amma sassan Hausa na jami'o'inmu waƙa suke nazari a matsayin adabi. Ɗalibi zai rubuta kundi a kan salon Narambaɗa ya fita da digiri bai taɓa riƙe kotso ba. Mun adana abin da mawaƙi ya faɗa, mun bar abin da ganga ta faɗa yana bin masu shi kabari. A Sifaniya akwai cibiyar adana filamenko a garin Jerez, akwai makarantun da ke ba da shaidar karatu a kansa, akwai ƙungiyoyin masoya a garuruwa da ke tara kuɗi su gayyaci mawaƙi su biya shi. Shi ya sa mai son gauraya a can yake da inda zai je ya koyi tushe.

Mun san akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa kwata-kwata saboda fahimtarsu ta addini. Wannan matsayi ne da ke da malamansa, kuma ba da su muke ba. Muna magana ne da wanda wayarsa cike take da Ɗanƙwairo, yake zagin yaran situdiyo, amma bai taɓa biyan makaɗi mai rai ko sisi ba. Akwai kuma masu cewa zamani ne, kunne ya canza, a bar kasuwa ta yi hukunci. Ai kasuwa ba ta zaɓi tsakanin abu biyu idan ɗaya kawai aka kai mata. Yaron da aka haifa a 2005 bai ƙi kalangu ba, bai taɓa jin sa an ɗauke shi da makirfo mai kyau ba. Abin da ya sani shi ne tsohon kaset mai shiii da aka kwafa sau ɗari aka tura a WhatsApp.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba sai an jira Abuja ba. Mawaƙin da ke karɓar maƙudan kuɗi a waƙar siyasa ko ta biki yana da halin ɗaukar mai kalangu ko mai kukuma ya shiga da shi situdiyo, ya biya shi kuɗin aiki, ya rubuta sunansa a jikin waƙar. Rubuta sunan ba ƙaramin abu ba ne. Surutun da aka yi wa Rosalía a Sifaniya ya ta'allaƙa ne a kan cewa ita ba Gitano ba ce, ta ɗauki kayan mutanen da aka raina ta yi suna da su. Idan ba mu yi hattara ba za mu yi wa makaɗanmu abin da ya fi wannan, mu naɗi sautinsu a waya mu sayar, su mutu ba su sani ba.

Mai biki da ya iya biyan dije da mai hoto da mai ado yana iya ware awa ɗaya a kashe sipika a ba makaɗan gari fili, da kuɗin da aka yi ciniki tun kafin ranar, ba liƙin ganin dama ba. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta bai rasa ɗaliban da za su iya ɗaukar sauti ba. Aikin kammala karatu guda nawa ake yi kowace shekara a kan manhajar rajistar ɗalibai da ba wanda zai yi amfani da ita? A tura wasunsu ƙauyuka su ɗauki taken sarauta da na sana'o'i daga hannun masu su, da izininsu da ladansu, a tsara su yadda mai haɗa kiɗa zai iya jawo kalangun Kazaure na gaske maimakon gangar da ta zo da manhaja. Mu masu wannan sana'a nauyin yana kanmu, kuma mun makara. Fada ma tana da abin yi, tun da ita ce wuri na ƙarshe da makaɗi ke da muƙami da mutunci: kowane sarkin kiɗa a tambaye shi wa yake koya wa, a kuma taimaka masa ya riƙe yaron.

Ga mawaƙan zamani kuma, ku gauraya iyakar son ranku. Ku sa jita, ku sa fiyano, ku ɗauko na Indiya da na Legas da na Bamako. Shata bai nemi izinin kowa ba kafin ya shiga fada da gangar mahauta. Amma shi ya san gangar, ya yi shekaru fiye da hamsin tana bayansa. Kafin ku ce kun sabunta kiɗan Hausa, ku nemi tsohon nan na bakin ƙofa ku zauna da shi wata uku, ku biya shi kamar yadda kuke biyan kuɗin situdiyo. Shekarunsa sun ja, kuma a bikin da muka gan shi ba mu ga yaro ko ɗaya yana riƙe masa ganga ba.